Da Doyar Baba Iliya Zuwa Gaya ta Nijar

Fita daga Minna

Ban jira kiran sallar asuba ba na fito daga gida a Limawa. Mai keken da muka yi magana tun jiya yana bakin layi yana hamma. Ya ce, "Hajiya, ina aka nufa da duhu haka?" Na ce masa ƙasar waje. Ya tuntsire da dariya, ya zaci zolaya nake. Ban ga laifinsa ba, don ni kaina da a bara wani ya ce zan bi babbar mota cike da doya har Jamhuriyar Nijar, da na ce a je a duba lafiyarsa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Halima, doya nake sayarwa a kasuwa tun ina goyon ɗan farina. Kusan duk doyar da ta shiga rumfata daga gonar mutum ɗaya take fitowa, Baba Iliya, wani dattijon Gbagyi da ke wani ƙauye bayan jami'a a Gidan Kwano. Shi Kirista ne, ni Musulma, amma akwai tabarmar sallata a ɗakin matarsa. Hausarsa kuwa ba ta san mace ba, "ka" yake ce mini, na gaji da gyara shi na ƙyale.

Abin da ya tashe mu shi ne gonar. Tun da jami'a ta cika da ɗalibai, masu gina ɗakunan haya suke bin gonakin wajen suna saya, maƙwabtan Baba da yawa sun sayar. Babban ɗansa Yohanna ya matsa a sayar, wai noman doya karya baya ne kawai, a tona ta cika Minna ta yi arha kamar ƙasa. Ana cikin wannan rigima Alhaji Zakari, mutumin Gaya da ke kawo mana albasa, ya ba ni shawara. Ya ce motar da ke sauke masa albasa wayam take komawa, alhali a can doya daraja gare ta. Ya ce shugabannin ƙasashenmu na yamma sun daɗe da yarda amfanin gona ya riƙa ƙetare iyaka ba haraji. "Mu kawo muku albasa, ku kai muna doya, Hajiya. Mota ta daina tahiya banza." Na kai wa Baba maganar. Shi kuma ya tara dattawan gidansu ya yi alkawari a gabansu: in wannan lodin ya dawo ko ya ruɓe, zai sa hannu a sayar da gona. Ni na kawo shawarar, don haka ni ma a wuyana take. Mutumin nan in an raba shi da gonarsa an gama da shi, na san haka sarai.

Na yi sallah a ɗakin matar Baba, sannan na fito na haska fitila cikin mota. Na ce tabɗi! Ba ƙarama ko ɗaya. Baba ya shiga rumbunsa ya zaɓo manya zalla, kowace kamar cinyar ƙato. A al'adarsu in za ka kai doya gidan surukai ko gidan baƙo, mafi girma kake ɗauka, kai ƙarama raini ne. To shi a wajensa wannan tafiya gaisuwar baƙunta ce, ƙasa ce za ta gaishe da ƙasa. Ni kuwa har tafi na yi, don a rumfata mai sakwara babba take nema. Na ce, "Baba, yau za su san Minna ta zo." Ya ce, "Hajiya, ka bari kawai."

Yohanna yana jingine da mashin ɗinsa yana kallonmu. Da za mu hau ya ce, "Ku sauka lafiya, Baba. Mutumin da zai sayi gonar ya ce zai jira har ku dawo." Maganar nan ta tsaya mini a ƙirji tun daga Gidan Kwano har muka ratsa gari muka wuce Maikunkele.

Zungeru zuwa Kontagora

Direbanmu Malam Sale ne, mutumin Kontagora, siriri mai yawan cin goro da ƙarancin magana. Mu uku muka matsu a gaba, ni a bakin ƙofa. Mun wuce Zungeru rana ta ɗan ɗaga, sai na ga ya rage gudu yana ta miƙa wuya. Na ce lafiya? Ya ce, "Hajiya, a hanyar nan in ba ki ga mota tana tahowa daga gaba ba, ke ma ki tsaya." Sai a lokacin na lura tun ɗazu ba abin da ya gifta mu. Ya gangara gefe bayan wasu motoci da suka riga mu tsayawa. Ba mai magana da ƙarfi, kowa idonsa na kan daji. Duk addu'ar da na sani na karanto ta, har da ta shiga kasuwa.

Baba Iliya kuwa ba daji yake kallo ba, rana yake kallo. Ya sauka ya zagaya ya ɗaga gefen tamfol ya tura hannu. Ya dawo ya ce, "Doya ba ya son tsayuwa. In mota yana tafiya iska yana shiga, in ya tsaya doya yana gumi." Na ce, "Haba Baba, mu muna ta ranmu, kai kana ta doya!" Ya ce ai duk ɗaya ne. Can sai ga wata bas ta ɓullo daga gaba, direbanta ya ɗaga hannu ya ce tirela ce ta mutu ta tare hanya, an janye ta. Na sauke ajiyar zuciya har Malam Sale ya waiwayo.

Shingayen hanya ba sai na ba ku labari ba, kowa ya sani. Amma abin da ya ba ni haushi Baba ne. Duk mai kakin da ya ɗaga tamfol sai ya yi salati ya ce bai taɓa ganin doya irin wannan ba, shi kuma Baba sai ya washe baki ya zaro guda ya miƙa tun ba a roƙe shi ba. Na ce, "In haka za mu yi, Gaya labari za mu kai musu." Ya ce wanda ya yabi doya ya san doya. A gaskiya ni ma yabon yana yi mini daɗi, shi ya ƙara rufe mana ido.

Daga Tegina zuwa Kontagora ramuka suka karɓe mu. Duk ramin da muka faɗa sai Baba ya runtse ido, don doya in ta bugu daga wurin bugun take fara lalacewa. Mun isa Kontagora bayan azahar, muka ci shinkafa da wake a tsaye. Ni dai turawa nake, ban ji ɗanɗanonta ba.

Yauri

Kafin magariba muka shiga Yauri, iskar kogi ta ɗan taɓa mu. Malam Sale ya kai ni gidan yayarsa, mai sana'ar ƙyafe kifi, ta yi mini farfesun da har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. An ba Baba ɗaki ya ce a'a, a kan lodi zai kwana, ya yaye tamfol ɗin gaba ɗaya don doya ta sha iska.

Da safe na iske shi zaune a kan taya da doya biyu a gabansa. Ya kama babban yatsana ya danna a gefen ɗaya. Yatsan ya shige. Na ce biyu ne kawai, Baba, cikin mota guda. Ya ce, "Biyun da na gani." Muka yanke wurin da ya taɓu muka bar wa uwar gida sauran. Daga nan muka wuce Koko, muka wuce Jega. Itatuwa suna ta raguwa, zafi yana ta ƙaruwa, ga bazara ta kankama. Ƙarfen ƙofar ma ba ya taɓuwa.

Kamba, bakin iyaka

Ta Kalgo da Bunza muka bi, muka isa Kamba wajen la'asar. Layin manyan motoci muka tarar, wasu da siminti, wasu da buhunan masara, wasu sun ƙetaro da shanu da wake. Nan na ga ashe cinikin da ake faɗa a rediyo gaskiya ne, ni ce ina zaune a Limawa ban sani ba. Maganar Alhaji Zakari ma ta tabbata, ba wanda ya nemi harajin doya a wajenmu. Sai dai ba wanda ya gaya mana cewa ko ba haraji akwai layi, kuma layi bai san kayan da ke ruɓewa ba. Siminti yana gabanmu, shi da ko wata zai yi ba abin da zai same shi.

Nan muka kwana, ni a gidan wata mai tuwo, su a mota. Washegari har rana ta take ba mu motsa ba, ga filin ba inuwa ko ta tsuntsu. Na shiga gari na sayo zana, muka ɗaura a saman mota maimakon tamfol. Na je wajen wani babba a cikin jami'an na durƙusa, ni da gwiwata ba ta son durƙuso, na ce, "Ranka ya daɗe, kayan nan na dattijon can ne, kuma rai gare su." Ya dube ni, ya dubi Baba da ke fifita doya da hularsa. Allah ya saka masa da alheri, ya sa aka duba mu aka sallame mu kafin azahar.

A ɓangaren Nijar wani jandarma ya hau ya ɗago doya guda da hannu biyu yana nishi. Ya yi dariya ya ce, "Wagga ta gidan biki ce? Wa ka iya cinye wagga?" Baba ya ɗauka yabo ne, ya ce a ba shi. Ni ma na yi dariya, amma wani abu ya ɗan soke ni, na rasa ko mene ne.

Gaya

Alhaji Zakari ya tarbe mu tarba ta mutunci. Ruwan sanyi, fura, dambu da zogale, matansa suna ta ina aka saka da ni. Bayan mun huta ya ce a buɗe masa kaya. Ya hau, ya duba gaba, ya duba baya, ya tura hannu ƙasa ya lalubo. Ya sauko yana shafa gemu. Ya ce, "Hajiya, ba ƙanana?" Na ce ƙanana kuma? Mu kawo muku ƙanana don mun raina ku? Ya ce, "To, Allah shi kai mu gobe."

Goben ta zo. Muka jera samfuri a kasuwa, kafin ka ce me mutane sun yi mana zobe. Ana ɗagawa, ana jinjinawa, samari suna ɗaukar hoto da ita a kafaɗa. Hantsi ya yi, rana ta take, mai tayawa ko ɗaya babu. Na kasa daurewa na kamo hannun wata dattijuwa mai tuyar doya a bakin titi, Inna Hamsatu, wadda tun safe take zagayawa tana komawa. Na ce, "Baiwar Allah, don girman Allah gaya mini, me ke damun doyar nan?"

Ta ce, "Ba abin da ka damunta, ta hi ƙarhinmu ne." Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ita abin da za ta soya ya ƙare a ranar take saya. In ta yanka wannan ƙatuwar, rabi zai kwana, kuma a zafin Gaya doyar da aka yanka kafin gobe ta yi baƙi ta bushe. Matan gida kuwa 'yan gutsattsari suke jefawa a miya. Na ce, to sakwara fa, ba ku daka sakwara? Ta ce, "Turminmu na hatsi ne, ɗiyata."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mun auna hanya, mun auna iyaka, mun auna zafi, amma a cikinmu ba wanda ya tambaya yadda mutanen Gaya suke cin doya. Na juya kan Alhaji Zakari da faɗa, na ce kai da kake ɗan gari me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Hajiya, ni albasa na sani. Doya a faranti nake ganinta, an riga an yanka." Na buɗe baki zan ƙara sai na ga Baba. Yana zaune a kan wani buhu, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon doyar da ya yi shekara yana yi wa hidima, yara suna wasa da ita. Na haɗiye sauran maganar.

Da la'asar warin ya fara fitowa daga ƙasan lodi, wari mai tsami da duk mai sayar da doya ya sani. Wayar Baba ta yi ƙara, ya duba ya miƙo mini. Yohanna ne. Ya ce, "Hajiya, yaya kasuwa?" Na ce muna ciki. Ya ce to. Ga Malam Sale shi ma ya zo da tasa, wai jibi dole a yi lodin albasa, a san yadda za a yi a sauke masa mota. Na ce a sauke a kai ina, a kaina? Ya ce shi dai ya faɗa. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Bari in je in ci sakwara in dawo, yunwa nake ji."

Na ce, "Ka ci me?"

Ya ce sakwara. Wai akwai wata 'yar Togo a tashar manyan motoci kusa da gada, duk zuwansa can yake ci. Na ce, "Malam Sale, tun safe kana kallo muna mutuwa a tsaye, kana da mai sakwara a aljihu ka yi shiru?" Ya ce ai ba a tambaye shi ba. Mutanen nan sai sun kashe ni da rashin tambaya! Na saɓi doya guda, Baba ya saɓi biyu a kafaɗa irin ɗaukar mutanensu, muka bi shi.

Rumfar Madam Afi

Tashar tana dab da gadar da ta haɗa Nijar da Benin. Motocin da suka taso daga bakin teku a nan suke hutawa, direbobi daga Kwatano, daga Lome, har da na Gana. Mutanen kudu ne, cikinsu sakwara ya sani. Madam Afi ce ke ciyar da su, wata ƙatuwar mace mai murya kamar ta mai shela, tana Faransanci da wannan, tana Dandanci, yaren mutanen Gaya, da wancan, Hausarta kuma ta ciniki ce kawai.

Ta juya doyar da ƙafa, ta taɓe baki. Ta ce ta san irinta, takin zamani ake ɗura mata ta kumbura, ciki duk ruwa, in an daka ba ta danƙo. Ita daga Benin ake kawo mata, ba ta son rigima. Baba ya miƙe tsaye. Ya ce, "Madam, ka dafa. In ya yi ruwa, ka zubar, na ba ka mota duka kyauta." Na ce a raina, Baba ka taimake ni ka yi shiru, motar ma ba tamu ba ce.

Aka fere, aka ɗora. Ban taɓa ganin tukunyar da ta daɗe ba ta tafasa ba irin wannan. Da aka juye a turmi sai na kasa tsayawa kallo. Na ɗaure mayafi a ƙugu na karɓi taɓarya. Rabona da daka tun da na aurar da 'yata ta biyu, amma ranar ban ji kafaɗa ba, ban ji baya ba. Ina daka ina cewa ya Allah gonar Baba, ya Allah gonar Baba. Can sai taɓarya ta fara kamawa, ina ɗagawa sakwara tana biyo ta, fara sol, ba gudaji. Madam Afi ta gutsura ta murza a yatsa, ta jefa a baki ba miya. Ta ɗiba ta kai wa wasu direbobi uku da ke jira. Muka zuba musu ido kamar masu jiran hukunci. Na farkon ya cinye ya ɗaga kwano ya yi magana da Faransanci. Na ce wa Malam Sale me ya ce? Ya ce ƙari yake nema.

Ita kaɗai ba za ta iya kwashe mota guda ba, ta faɗa mana gaskiya. Amma ta ɗauki waya ta yi ta kiran 'yan'uwanta masu irin sana'arta a Malanbil, tsallaken gada. Washegari tun da safe sai ga su da kekuna da amalanke. Alhaji Zakari ya zauna a tsakiya yana fassara yana daidaita naira da sefa, kuɗin can, don ni kaina ya riga ya ɗaure. Doyar Minna da ta zo gaishe da Nijar, ga ta tana haye gada zuwa Benin a hannun matan Togo. Kafin azahar duk mai lafiya ta tafi.

Da aka kai ƙasan lodi ne muka ga ɓarnar. Ba kaɗan ba ce, ba zan ɓoye ba, tsibi guda ne mai tsayi. Baba ya hana kowa taɓawa, ya zauna da wuƙarsa yana yanke ruɓa yana ware mai kyau. Masu tuya suka zo suka kwashi gutsattsarin da arha. Inna Hamsatu ta tsaya a kansa ta ce in zai sake zuwa ya kawo musu daidai su, za su saye ko mota nawa ce, don ta Benin ba kullum take isowa ba. Baba ya ce, "Kamar yaya?" Ta miƙa hannunta ta nuna daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Irin doyar da a Minna muke ba yara gyara! Baba ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya zaro kara daga jikin zana, ya gwada a hannunta, ya karya daidai tsawon, ya sa a aljihun rigarsa.

Komawa gida

Da albasa muka juyo, mota shaƙe, idanuna suna ta ruwa har Jega. Hanyar da muka bi ita muka sake bi, da kwana a Yauri, da tsayawa jiran motar gaba kafin Zungeru. Ni a ganina mun tsira, har na fara tsara yadda zan ba matan kasuwa labari. Bayan mun bar Kontagora ne Baba ya ce, "Hajiya, na yi alkawari gaban manya. Na ce in ya ruɓe. Ya ruɓe." Na ce ba duka ba ai! Ya ce, "Ban ce duka ba." Na yi magiya, na yi faɗa, na ce to kada ya faɗi yawan wadda ta lalace, wa ya gani? Ya ce shi ya gani. Sabon tashin hankali ya dawo mini, wanda ya fi na tafiya.

Mun isa Gidan Kwano da yamma, gida ya fito tarba. Ko ruwa Baba bai sha ba ya zayyana wa Yohanna komai a gaban dattawa, da wadda aka sayar, da wadda ta ruɓe, da yadda aka yi mana dariya a kasuwa. Yohanna ya ga kara ya leƙo daga aljihun uban, ya ce na mene ne. Baba ya gaya masa. Ya karɓa ya jujjuya. Abin da ya ce kawai, "Mutumin zai zo ranar Litinin." Na hau keke na koma Limawa, aka kawo mini tuwo na ce a mayar.

Litinin ta zo ta wuce ban kira ba, tsoro nake ji. Sai da ruwan farko ya sauka na ce gara in je in gani da idona. Tun daga nesa na hango bulo an jibge, na ce shi ke nan an sayar, sai da na matso na ga a gonar maƙwabci ne. A gonar Baba kuwa ga tuddan doya nan a bakin hanya, manya-manya kamar kullum, irin waɗanda ba mai iya tara su a ƙauyen sai shi. Na zagaya baya ina sallama. Can ƙurya, inda ba a hangowa daga hanya, na iske su biyu da fartanya. Yohanna ne riƙe da karan nan, suna tara wasu 'yan ƙananan tuddai kusa da kusa, irin masu ba da doya daidai hannun Inna Hamsatu, sun cinye fiye da rabin gonar.

Yohanna ya share gumi ya ce, "Hajiya, Madam ɗin nan ta dame ni da waya, Baba lambata ya ba ta. Na ce wa mutumin ya nemi wani wuri tukuna. Damina ɗaya na ba Baba, kuma ni zan bi motar." Damina ɗaya ce kawai, na ji da kunnena, kuma hankalina ba zai kwanta ba sai an tona an kai an dawo. Amma ranar dai gona tana nan.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Zakari da iyalinsa, da yayar Malam Sale, da jami'in nan na Kamba da ban san sunansa ba, da Madam Afi, da Inna Hamsatu da ta ara mana hannunta. Malam Sale ma na gode masa, duk da bai yi magana da wuri ba.

Da zan tafi na ce, "Baba, me ya sa ka kai ƙananan can baya?" Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Ya ce, "Hajiya, ka rufa mini asiri. In mutanen garin nan suka ga Iliya yana tara tudu kamar na gyaɗa, ina zan sa fuskata?"